An Sallami Inna, An Ce Ba Abin Da Za A Yi: Amsa Ga Wata 'Yar'uwa Daga Rigasa

Tambayar ta zo ne daga wata baiwar Allah da ke zaune a Rigasa. Mahaifiyarta mai shekara 63 tana fama da sankarar bakin mahaifa, an ce ciwon ya yi nisa, an sallame su daga asibiti. Yayyenta maza suna shawarar sayar da gonar gado su kai tsohuwar Masar, kuma sun hana a gaya mata abin da ke damunta. Ita mai tambayar ba ta iya barci: shin da an yi wa Inna gwaji tun da wuri da ta tsira? Kuma ita da ƙannenta mata uku su je su yi gwajin jiki gaba ɗaya da ake tallatawa?

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Sannunku da jinya. Allah ya ba Inna sauƙi, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan ɗawainiya.

Na daɗe ina aikin lafiyar al'umma a jihar nan, kuma babu maganar da take ci mini rai kamar wannan da aka faɗa muku, wai ba abin da za a yi. Abin da likita yake nufi shi ne ba zai iya raba ta da ciwon ba. Abin da ku kuka ji kuwa shi ne ku koma gida ku zuba ido. Akwai aiki a gabanku, kuma aiki biyu ne daban: na Inna daban, naku 'ya'yanta mata daban. Gidaje da yawa na gani sun haɗa su waje guda, suka zuba dukiya inda ba ta da amfani, inda ake bukatarta kuma aka bar shi fayau.

Kafin komai, wa ya ce ciwon ya yi nisa? Idan likitan daji ne ya duba ta, ya ga sakamakon tsokar da aka yanka da hotuna, to magana ta zauna. Idan kuwa a ƙaramin asibiti ne aka leƙa aka girgiza kai, ku tattara takardunta ku kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a faɗa muku matakin ciwon da lamba. Sankarar bakin mahaifa da ta tsaya a ƙugu, ko da ta kai mataki na 3, ana yi mata gashi da na'ura (radiotherapy) haɗe da allurar kemo, wasu kuma suna warkewa sarai. Wadda ta tsallaka huhu ko hanta ko ƙashi ita ce ba a sa ran warkewarta, a nan ko a Alƙahira. Shika na cikin asibitocin da Gwamnatin Tarayya ta fara da su a asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi, wanda ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta prostate da ke kama maza, don haka ku tambayi yadda ake shiga. Ki gaya wa yayyenki su riƙe gonar tukuna. Su tambayi likitan ƙeƙe-da-ƙeƙe: wannan maganin na warkarwa ne, ko na ƙarin kwana, ko na rage raɗaɗi? Idan amsar ita ce ta ƙarshe, duk abin da za a yi mata a Masar na rage raɗaɗi ana iya yin sa a nan, tana kan gadonta, jikokinta suna shiga suna fita. Na san abin da ke tura 'ya'ya maza: kada duniya ta ce sun bar uwarsu ta mutu suna riƙe da gona. Niyyar mai kyau ce. Amma na ga tsofaffin da suka cika a ɗakin haya a wata ƙasa, babu mai jin yarensu sai ɗa guda, aka dawo babu uwa babu gona.

Zan ɗauka an tabbatar ba za ta warke ba, tunda haka aka gaya muku. Abu na farko shi ne ciwo. Kada ku yarda da cewa mai daji dole ta kwana tana ihu. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin hawa uku na maganin raɗaɗin daji: a fara da irin su farasitamol, idan bai riƙe ba a hau na tsakiya, idan bai riƙe ba a ba da mofin. Mofin na ruwa da ake sha da baki shi ne ginshiƙi, kuma ba shi da tsada idan aka kwatanta da allurai da ƙarin ruwan da kuke saye. Sirrinsa a agogo yake. Ana ba da shi duk bayan awa 4, ko tana jin ciwo a lokacin ko ba ta ji, domin ciwon da aka bari ya taso ya fi wuyar kwantarwa. Kwanakin farko za ta riƙa gyangyaɗi, wataƙila da tashin zuciya, wannan yana wucewa. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, saboda haka ranar da aka rubuta mofin a rubuta maganin sassauta ciki tare da shi. A ajiye kwalbar a kulle, mutum ɗaya ya riƙe makullin, a riƙa rubuta lokacin da aka ba ta a littafi.

Na san tsoron da ke ranku. Mu da muka ga abin da kodin da Tramol suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, dole gabanmu ya faɗi da jin sunan mofin. Har ma'aikatan lafiya da yawa suna jin wannan tsoron, wasu suna cewa sai an ga alamar tafiya ake bayarwa. Kuskure ne. Tsohuwar da daji ke ci, likita yana auna mata daidai ciwonta, ba za ta zama 'yar maye ba, kuma ba zai gaggauta mata ajali ba. Ƙasar Yuganda ba ta fi mu arziki ba, amma tun da Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa gidan kula da masu jinyar ƙarshe a Kampala a 1993, suka rungumi mofin na ruwa, a 2004 kuma suka ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. A duniya baki ɗaya, cikin mutum 100 da ke bukatar irin wannan kulawa kusan 14 ne kawai ke samu. Wanda bai tambaya ba ba a ba shi, saboda haka ku buɗe baki ku tambaya a babban asibiti, Shika ko Barau Dikko: wa ke kula da masu raɗaɗin daji, kuma ina ake samun mofin na sha?

Abu ɗaya ku sa wa ido. Wannan ciwon yakan danne hanyoyin da fitsari ke bi daga ƙoda. Idan fitsarinta ya ragu, ko ƙafafu suka kumbura, ko ta fara ruɗewa, ku sanar da likita da wuri, domin dole a sake lissafin mofin. Kuma ku daina sayo mata diclofenac da ibuprofen a kemis ba da sanin likita ba, suna ƙara wa ƙoda nauyi.

Sai abin da ba ki rubuta ba, amma na san yana nan: wari da zubar ruwa. Shi ne yake sa uwa ta ce a rufe mata ƙofa, ta hana jikoki shigowa, ta daina cin abinci don kada ta yi bayan gida a gaban 'ya'yanta. Turaren wuta ba ya kashe shi, haɗuwa suke yi su ƙara nauyi. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, kuma Flagyl yana rage shi sosai cikin 'yan kwanaki, ko a sha ko a sa a wurin yadda nas za ta nuna muku. A riƙa wanke ta da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a shafa Vaseline a cinyoyi don kada fata ta saɓule, a ajiye gawayi a kwano ƙarƙashin gado, a buɗe taga. Idan jini ne ya dame ta, gashi na 'yan kwanaki yakan tsayar da shi ko da ba a neman warkewa, ku tambaya. Ku tanadi zannuwa masu duhu, ganin jini a farin zane yana firgita majinyaci da mai jinya. A riƙa juya ta duk bayan awa 2 ko 3 saboda gyambon kwanciya. Abinci kuma kada a yi mata dole. Mu a wurinmu ciyarwa ita ce ƙauna, shi ya sa idan uwa ta kawar da kai daga cokali sai 'ya ta fashe da kuka. Jikin ne ya rage bukata. Cokali biyu na kunu da ta sha da marmari ya fi kwanon da aka ɗura mata ta amayar. Zancen salla da tsarki ga mai yoyon fitsari ko jini, ku kira malamin da take girmamawa ya gaya mata sauƙin da addini ya yi mata da bakinsa, domin wannan yana damun tsofaffi fiye da yadda 'ya'ya ke zato.

Kada ki ɗauka wannan kulawa sallamawa ce. A wani bincike da aka buga a 2010 daga birnin Boston na Amurka, an raba masu sankarar huhu da ta bazu su 151 gida biyu. Waɗanda aka haɗa da masu kula da raɗaɗi da damuwa tun farko sun fi jin daɗin kwanakinsu, baƙin ciki ya yi musu sauƙi, kuma sun rayu kimanin wata 11 da rabi, sauran kuwa kimanin wata 9.

Batun ɓoye mata. Ba zan ce ku shiga ku sauke mata magana kamar dutse ba, amma ban goyi bayan yayyenki ba. Na taɓa zuwa duba wata tsohuwa a wata unguwa a nan cikin gari. Tun a zaure 'ya'yanta suka tare ni, suna roƙo kada in furta sunan ciwon. Da na shiga muka rage mu biyu, sai ta kamo hannuna ta ce, "Likita, na san inda aka dosa. Yaran nan nake tausayi, kada ki gaya musu." Ta kwance bakin zanenta ta fito da wata takarda da ta yi laushi don ninki. Ashe ita ce uwar adashi, kuɗin mata goma sha ɗaya na hannunta, ta rasa yadda za ta mayar ba tare da ta tayar wa 'ya'yanta hankali ba. Wata biyu kowa yana yi wa kowa kara, kowa yana kuka shi kaɗai. Jiki magayi ne, ƙanwata. Macen da ta haifi 'ya'ya ta yi jinyar iyayenta ta san bambancin ciwon da ake tashi da wanda ba a tashi. Hanyar da nake bi ita ce tambaya. Ki zauna kusa da ita bayan la'asar, lokacin da maganin ya kama, ki ce, "Inna, ke me kike gani game da ciwon nan?" Sai ki yi shiru. Idan ta ce ita ta bar wa Allah, ku yi magana da likita, to ta zaɓa, a bar ta. Idan ta ce a gaya mata, haƙƙinta ne. Tana da bashin da za ta biya, wasiyyar da za ta bari, 'yar'uwar da suka yi shekaru ba sa ga-maciji da take son su yafi juna.

Yanzu tambayar da ta hana ki barci. Ba zan rufe ki ba: ƙwarai kuwa, wannan ciwo yana cikin waɗanda gwaji ke tarewa. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa shi, kuma daga shigarta zuwa zamanta daji yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 ga mace mai ƙarfin garkuwar jiki. A tsawon wannan lokacin akwai tabon da ake iya gani a ƙone shi cikin 'yan mintuna. To amma lokacin da Inna take da shekara 40, wa ya taɓa kiran ta gwaji? Ta je awo, ta je haihuwa, ta kai ku rigakafi, babu wanda ya ce ta hau gado a duba. A 2020 kaɗai mata kusan 12,000 aka kiyasta sun kamu da shi a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Duk waɗannan ba sakacin 'ya'yansu ba ne. Kuma na tabbata Inna ta daɗe tana ganin jini kafin ta faɗa, domin wace uwa ce za ta buɗe baki ta gaya wa ɗanta irin wannan? Sai ta ce al'ada ce ta dawo, ko sanyi ne, a jiƙa mata sassaƙe. Ki sauke wannan kayan daga kanki. Ki dai riƙe wannan ki gaya wa duk macen da kika sani: jini bayan ɗaukewar al'ada, ko jini bayan kwanciyar aure, ba sanyi ba ne har sai an duba da ido.

Gwajin jiki gaba ɗaya kuwa, ku riƙe kuɗinku. Babu wani jini guda da ake ɗiba ya wanke mutum daga dukkan daji, kuma yawan bincike a jikin mai lafiya yana da tasa illar. Koriya ta Kudu ta gwada: suka shiga yi wa jama'a hoton thyroid, wata tsoka da ke gaban wuya, daga 1993 zuwa 2011 masu sankarar thyroid da ake ganowa suka ninka sau 15, aka yi wa dubbai tiyata, da yawa suka koma shan magani har ƙarshen rayuwa, amma adadin masu mutuwa da ciwon bai motsa ba. Gwajin da ya cancanci kuɗinki shi ne wanda aka tabbatar yana rage mutuwa, kuma idan ya nuna wani abu akwai inda za a kai ki. Ita ma Inna kada a wahalar da ita da neman wani ciwon a wani sashe na jiki, domin amfanin gwajin mama ko na hanji sai bayan kimanin shekara 10 yake bayyana.

Wanda ya cancanta gare ku shi ne na bakin mahaifa. Ba gadonsa ake yi ba, amma kowace mace da ta yi aure tana bukatarsa. Mafi inganci shi ne gwajin ƙwayar HPV. A yankin Osmanabad na Indiya an bi mata sama da 130,000 a ƙauyuka, aka ga yin sa sau ɗaya tak ya rage mutuwa da wannan ciwo da kusan rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10. Mace mai ɗauke da ƙanjamau ta fara daga 25, ta maimaita bayan shekara 3 zuwa 5, domin haɗarinta ya ninka na sauran mata kusan sau 6. Inda babu wannan, akwai na ruwan khal da ake shafawa a duba da fitila, tabo ya yi fari. Ba ya kai na farko, amma a Mumbai ya rage mutuwa da kusan kashi 30 cikin 100 a hannun ma'aikatan unguwa da aka horar. Ku ce mace kuke so ta duba ku, ba rashin kunya ba ne. Ku sa ta duba muku mama a zama ɗaya. Idan an ji ƙullutu aka ce za a ɗebi tsoka, kada maganar nan ta cewa daji ba ya son ƙarfe ta mayar da ku gida. Allura ba ta watsa shi, jinkiri ne ke watsa shi. Yayyenki maza da suka haura 45 su zauna da likita kan gwajin PSA, gwajin jini na neman sankarar prostate, ya bayyana musu amfaninsa da illarsa kafin su yi. Gidan duka ku yi gwajin ciwon hanta nau'in B, yana da arha kuma shi ne babban mai jawo sankarar hanta a ƙasarmu.

'Yan matanku masu shekara 9 zuwa 14 a kai su rigakafin HPV. Najeriya ta fara shi a Oktoba 2023, Kaduna ta shiga a zagaye na biyu a Mayu 2024, allura ɗaya ce kuma kyauta. Na ji masu cewa na hana haihuwa ne. Ban raina tsoronsu ba, mutanen da suka ga abin da ya faru a gwajin maganin sanƙarau a Kano a 1996 suna da dalilin yin tambaya. Amma wannan allura tun 2006 ake yin ta a duniya, 'yan matan farko da aka yi wa sun yi aure sun hayayyafa. Ciwon da take tarewa ne ke raba mace da mahaifarta.

Akwai abin da ke damuna a aikinmu, zan faɗa miki domin ki kiyaye. Na taɓa shiga wani gangamin gwaji kyauta. Aka kafa rumfa, mata suka yi layi tun hantsi, muka duba, waɗanda aka ga tabo muka ba su 'yar takarda su je babban asibiti. Muka tafi muna murna da yawan da muka rubuta. Bayan shekara biyu na haɗu da ɗaya daga cikinsu, ciwon ya riga ya ci ƙarfinta, takardar tana nan a cikin jakarta. Kuɗin mota ne babu, mijin kuma ya ce tunda ba ta jin ciwo a bari sai kaka. Mun ba ta tsoro, ba mu ba ta magani ba. Har yau ina jin nauyin matar nan. Saboda haka kafin ki hau gadon kowa ki tambaya: idan an ga wani abu, yau za a ƙone shi a nan, ko ina za a tura ni, kuma nawa ne?

Wani likita a Birtaniya, Julian Tudor Hart, ya rubuta a 1971 cewa kulawar lafiya takan yi ƙaranci daidai inda aka fi bukatarta. Kullum ina ganin haka. Masu zuwa gwaji su ne masu waya da ilimi da kuɗin Keke, wasu sau uku a shekara biyu. Wadda ba ta zuwa ita ce gurguwar da ba za ta iya hawa gadon awo ba, da kurmar da babu mai yi mata bayani, da bazawarar da ke wankau, da matar da 'yan bindiga suka koro daga Birnin Gwari ko Chikun tana raɓe a kangon wani. Su ne muke gani a ƙarshe, a irin halin da Inna take ciki. Kuma idan masu bincike suka zo gadon Inna da takardar neman ta shiga bincikensu, ku sani ba dole ba ne. A yi mata bayani da Hausa, ita ce mai cewa e ko a'a, ƙin yarda kuma ba zai rage mata kulawa ba.

Ke ma ki kula da kanki. Ku raba kwana ke da ƙannenki, mazan kuma su ɗauki nauyin magani da famfas da zirga-zirgar asibiti, a nan ake bukatar kuɗin da suke son kashewa. Idan Inna tana da abokiyar zama, ku tafi da ita ranar da za ku je gwaji. Ku yi mata maganar da taushi, ba zargin kowa ba ne, yawancin mutane suna haɗuwa da wannan ƙwaya a rayuwarsu ba tare da sun sani ba. Ki ce mata, "Umma, za mu je a duba mu ne, zo ki raka mu."